Bizar Dada da Bizar Bappa

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Aishatu, wadda muke kira Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na durƙusa na gaishe ki yadda kika koya mini, gwiwa a ƙasa, murya a ƙasa. Ina fatan makwancinki ya yi miki faɗi, ina fatan sanyin ƙasar da aka binne ki bai kai inda kike ba. Mu nan Jekadafari muna nan. Mahaifinmu Bappa yana nan, gwiwar hagun ce dai ke matsa masa, har ya fara sallar nafila a zaune.

Autarki ce, Hajara. Na san abin da za ki ce idan kika ji na baza maganar gida inda kowa zai karanta: "Ke dai bakinki ba ya ajiya." Ki faɗa, na yarda. Damina biyu na yi ina ajiya, ajiyar ba ta warkar da kowa ba. Kuma Bappa ya dawo daga Abuja da wani labari wanda ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Amma ki yi haƙuri in faro daga tushe, don masu karantawa ba su san mu ba, kuma ina so su ji. Musamman dattawan da 'ya'yansu ke ƙasar waje suna ta kira, ku zo, ku zo ku huta.

Kin yi fiye da rabin rayuwarki kina karɓar haihuwa a asibiti. Bappa kuma malamin gona ne. Kusan tare kuka yi ritaya, kuma babu wanda ya tambaye ku abin da za ku yi da sauran kwanakinku, don kowa ya sani. Shi yana da gonarsa a hanyar Kwami. Ke kuma asibitin ne ya biyo ki gida. Mace za ta shigo da tsohon ciki ta ce gaisuwa ta zo, kafin ta tashi kin duba idonta, kin taɓa ƙafarta, kin yi mata faɗa a kan gishiri. Rabin yaran layinmu a hannunki suka fara kuka.

Sai gari ya rikice. Bam ya tashi a tasha, aka ce tsautsayi ne, ya sake tashi a wani wuri. Shingen sojoji ko'ina, a sauko daga babur a tura shi, a ɗaga hannu sama. Ranar Juma'a sai an lalube dattijo kamar Bappa kafin ya shiga masallacin da aka gina a kan idonsa. Mutanen Borno suka yi ta shigowa. A cikinsu akwai Ya Falmata, wadda ta iso ƙofar gidanmu da zane ɗaya da jikoki biyu, kika kwashe buhunan da ke ɗakin baya kika ce ta shiga, ba ki ko jira Bappa ya dawo ba.

Ranar da abin ya faru a tasha, kowa na gudu gida, ke kika ɗauki jakarki ta da, kika nufi asibiti. Na riƙe miki mayafi ina kuka, kika ce, "Sake ni, hannu ake nema." A ranar yayana Hamma Jibrilla ya yi ta kiran wayarki daga ƙasar waje ba a ɗauka. Da na gaya masa inda kike, sai ya ce shi ke nan, ba zai zauna yana jiran ranar da za a kira shi da mummunan labari ba.

Dole in tsaya a kan Hamma, don duk maganar a kansa take.

Shi ne ɗan farinki. Mutanen Gombe ba sa buƙatar bayani, amma na ƙasashen nesa ku ji: a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta san yana wurin. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinki ba. "Wancan" kike cewa. Ana yaye shi kakarmu ta tafi da shi Dukku, daga Dukku sai makarantar kwana, daga nan jami'a, daga jami'a sai ƙasar Turawa, inda ya yi aure ya zauna. Idan ya zo hutu, daga bakin ƙofa yake gaishe ki, ke kuma ki amsa kina kallon bango. Amma ni na san wanda ke tashi ya dama masa fura da hannunsa, ya zuba nonon da ya fi kyau, sannan a miƙo mini a ce, "Kai wa wancan, kuma saura ki ce ni na dama." Ban taɓa faɗa ba. Shi kuma ya girma yana zaton furar 'yar aiki yake sha.

To shi ne ya kawo shawarar raba shekara. Rabi can wurinsa, rabi nan. Da farko har ni na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Bappa ya ce ya amince da sharaɗi ɗaya: "Sai an kai amfani gida mu tafi, kafin ruwan farko mu dawo." Da kalandar gero kuka raba shekarar, babu wanda ya tsaya ya tuna cewa lokacin da gero ke shiga rumbu a nan, lokacin ne ƙanƙara ke rufe ƙofofi a can. Mama Obinna mai kemis, maƙwabciyarmu, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Hajiya, mutane suna gudun sanyi, ku kun sayi tikiti za ku je ku gaishe shi!" Washegari ta aiko miki da rigar sanyi mai kauri, ja wur, kika ce ko a mafarki ba za ki sa ba. A duk hotunan da aka turo daga can ita ce a jikinki.

An ba ku bizar ziyara ku biyu, ba wahala. Kuka tafi. Kin bar mini makullin ɗakinki kika ce in dinga buɗe taga saboda kada kaya su yi wari, watanni kaɗan ne.

Abin da ya faru a can, Amina matar Hamma ce ta ba ni labarinsa daga baya, tiryan-tiryan. Kun yi 'yan watanni, aka sake jin tashin bam a gida. Hamma ya je ya ga lauya, ya dawo ya tara ku a falo, ya ce takarda iri biyu ce, ku zaɓa. Ta ziyara, wadda ke hannunku: ka zo, ka yi watanninka, ka fita kafin wa'adi ya cika, in tana da sauran rai ka sake dawowa, in ta ƙare ka sake nema. Sai ta zama: da ita asibiti ya zama naka, babu mai ƙirga maka kwana, babu fargaba. Sai dai daga ranar da aka shigar da neman, ba ka fita daga ƙasar har sai an amsa. In ka fita, neman ya mutu. In kuma wa'adin ziyararka ya riga ya wuce kana jira, to fitar nan tana iya zama ta ƙarshe, ba lallai a sake barinka ka shigo ba. Lauya ya ce ba za a daɗe ba. Allah ya isa tsakanina da wannan "ba za a daɗe ba".

Bappa bai ɓata lokaci ba. Ya ce, "Ni baƙo ne, takardar baƙi ta ishe ni. Gonata ba ta san lauya ba."

Sai Hamma ya juyo gare ki. Amina ta ce ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa a gabanki, ya ce, Dada, ke fa, wacce kike so? Kika kawar da kai wajen taga, kika gyara mayafi, kika ce, "Duk yadda aka gani."

Haba Dada! Duk yadda aka gani?

Ko kazar gidanmu ta san ma'anar wannan maganar. In kina son abu, "To madalla" kike cewa, ki miƙe tsaye kafin a gama magana. "Duk yadda aka gani" ita ce a'arki. Ita kika faɗa lokacin da Bappa ya so sare bishiyar tsakar gida, bishiyar tana nan har yau. Ita kika faɗa lokacin da wani ɗan kasuwa ya zo neman aurena, maganar ta mutu a wurin. Mu da muka tashi a gabanki muna jin ta kamar an buga ƙofa. Amma Hamma a ina zai koye ta? A Dukku? A makarantar kwana? Ya ji ta da kunnen mutanen da yake zaune da su, waɗanda in sun ce to, to ɗin suke nufi. Ya tashi yana murna ya kira lauya.

Ina da tawa da Bappa ma, kuma na faɗa masa a gaban idonsa. Yana zaune a wurin, ya ji, ya kuma gane. Amma shi ma ba zai ja magana da ɗan fari a gaban suruka ba. Ga shi Amina na da ciki. Ya ce da ni, "Na zaci haihuwar take so ta jira, ta karɓi jikanta da hannunta, sai ta biyo ni." Kun zauna ku uku a falo ɗaya, kowa yana girmama kowa, aka yanke hukuncin da babu mai so sai mutum ɗaya, shi ma don bai san ba a so ba ne.

Kafin ruwan farko Bappa ya dawo, kamar yadda ya ce. Na je tarbarsa. Ya fito daga mota, na gaishe shi, na ci gaba da leƙen bayansa. Na san ba kya ciki, an riga an gaya mini, amma na tsaya har motar ta zama wayam. Ya ce, "Mu je, Hajara, kada mu tsaya a tasha."

Amina ta haihu, kika karɓi jikanki, aka yi suna, aka yi arba'in. Takarda shiru. Wa'adin ziyararki ya cika ya wuce. Takarda shiru.

Kin tuna kiran wayarmu? Kullum a falo, kullum Hamma ko Amina na riƙe da wayar don ki ga fuskata. Lafiya lau, sai godiya, ana kula da ni. Daga nan sai ki shiga tambayoyi. An yi ruwa? Ya jiƙa ƙasa sosai? Matar mai shayi ta sauka? Wa ya karɓa? Ƙafar Bappanku fa, waye ke gasa masa? Ki ce da shi ya rage goro. Wata rana kika ce in juya wayar in nuna miki tsakar gida. Na zagaya da ke a hankali, murhu, randa, igiyar shanya, ƙofar ɗakinki. Da na juyo da wayar kina goge ido da bakin mayafi, kika ce hasken wayar ne ke damunki.

A ranar na kira Hamma shi kaɗai, na sauke masa kwandon da ke kaina. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce matar nan gida take so, ka sake ta. Ya ce ya tambaye ki kin amince. Na ce ba ka jin yarenta. Ya ce in kin fito yanzu duk wahalar ta tashi a banza, kuma mai yiwuwa ba za ki sake ganin 'ya'yansa ba. Ya ce so nake ki dawo bam ya tashi da ke a kasuwa? Na ce gara bam ɗin gida. Allah ya sani har yau ban janye ba. Sai ya ce: "Ke kin same ta tun ranar da aka haife ki. Ni sai yanzu nake ganin uwata tana cin abinci."

Na kashe wayar.

Duk da haka ya sake tambayarki, wannan na shaide shi. Ya ce, Dada, Hajara ta ce gida kike so, gaskiya ne? Kika ce, "Babu komai. Yarinya ce."

Yarinya ce! Ni da 'ya'ya uku.

Sau ɗaya tak na same ki ke kaɗai, ranar da suka fita da yara suka bar miki wayar. Na ce Dada don girman Allah ki buɗe baki ki gaya masa, kalma uku ce, ina son gida. Sai kika ce, "Auta, yaron da ban taɓa goyawa a gaban mutane ba. Tun da aka haife shi bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Da wane bakin zan ce masa gidansa bai yi mini ba?" Na ce to Bappa fa? Kika ce, "Ai yana zuwa bayan kaka."

Bayan kaka kuwa ya shirya. Bizarsa ta ƙare, sai an sake nema. Ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya bi doguwar hanyar nan ta Abuja, shinge bayan shinge, ana sauke shi ana buɗe jakarsa. A ofishin jakadancin ya tsaya a bayan gilashi. Tambayar farko ina za ka, ta biyu wa za ka gani, ta uku ina matarka. Bappa ba ya ƙarya ko a cinikin akuya. Ya ce tana can wurin ɗanmu, tana jiran takardar zama. Nan take aka turo masa fasfonsa ta ƙasan gilashin tare da wata 'yar takarda. Wai ba su gamsu cewa zai dawo ba. Tunda matarsa na neman zama, shi ma zama zai yi.

Bappa! Mutumin da in ya kwana biyu a Bauci sai ya fara tambayar mota. Mutumin da kaburburan iyayensa ke nan, gonarsa ke nan, gurbinsa a sahun farko ke nan. Shi ne ba zai dawo ba.

Ya sake komawa bayan wasu watanni, da takardun gida, da na gona, da na fansho, cike da leda. Ko buɗe ledar ba a bari ya yi ba. Ina matarka? Tana can. Aka turo fasfo.

Kin ga inda zaɓin ya kai ku. Ke ba ki iya fitowa, shi bai iya shiga. Mutum biyu da ba su taɓa yin azumi a rabe ba, suka yi azumi biyu kowa a nahiyarsa. In lokacin shan ruwa ya yi a nan sai ya ce in kira ki, ke kuma a lokacin rana na tsaka a wurinku, sai ya ajiye dabinon ya ce bari ya gama magana da ke tukuna, ba ya son ci a gabanki. Ku biyun ba ku iya hira a waya ba. Yaya ƙafa? Da sauƙi. Yaya sanyi? Da sauƙi. Sai ku yi ta kallon juna, har in gaji da riƙe wayar in jingina ta da buta.

Abin da ke ƙona mini rai, Dada, shi ne mu da aka bari a bakin wutar ga mu nan da ranmu. Na ci gaba da zuwa kasuwar, na ci gaba da bi ta tashar, Bappa ya ci gaba da zuwa masallacin. Ba na cewa ba a mutu ba, an mutu, mun je gaisuwa har mun gaji. Amma a gidanmu mutum ɗaya aka ɗauke don a tsirar da shi, kuma shi kaɗai muka rasa.

Hawan jinin da kike yi wa matan unguwa faɗa a kansa shi ya kayar da ke, da hantsi, a kicin ɗin Amina. Aka kai ki asibitin nan da aka ce saboda shi ake neman takardar. Ɓarin jiki ɗaya ya mutu, magana ta yi nauyi. Hamma bai bar gefen gadonki ba. Shi ya gaya mini abin da ya faru, yana kuka kamar ƙaramin yaro, har ba na gane wasu kalmomin. Ya ce kin buɗe ido, kin dube shi, ido cikin ido, abin da ba ki taɓa yi ba. Kika kama hannunsa da hannun da ya rage miki. Kika ce, "Jibrilla."

Ya ce ya waiga bayansa, don bai zaci da shi kike ba.

Kika ce, "Jibrilla, ka kai ni gida."

Ya fita da gudu yana neman likita, ya ce a bar takarda, a bar komai, yau zai sayi tikiti. Likitoci suka ce jikinki ba zai ɗauki jirgi ba, a jira ki ɗan farfaɗo. Ba ki kai Juma'a ba.

A can aka yi miki sutura. Mata baƙi suka wanke ki, Allah ya saka musu, amma ba su san ke wace ce ba. Ba su san hannun da suke wankewa ya karɓi rabin unguwa ba. Nan kuma gida ya cika ya batse, har layi ya toshe, sojojin shinge suka aiko a tambayi ko lafiya. Zaman makoki babu gawa. Babu makara da ta fita daga ƙofarmu. Mata suna shigowa suna tambaya a wane ɗaki kike su yi miki addu'a, in nuna musu ɗakin da babu kowa. Bappa na zaune a tabarma a waje yana amsa gaisuwa, wani ya tambaye shi a wace maƙabarta aka kai ki, ya buɗe baki ya rasa sunan wurin.

Ya Falmata ba ta yi kuka da ƙarfi ba, ta ga abin da ya fi haka. Ta zauna a bakin ƙofarki ta ce, "Na zaci mu kaɗai ne ke barin namu a ƙasar da ba tamu ba. Ashe har da masu jirgi."

Ina fushi, Dada, kuma ba zan yi miki ƙaryar na huce ba. Ina fushi da lauyan da ban taɓa gani ba. Ina fushi da gilashin nan da wanda ke bayansa. Ina fushi da waɗanda suka mai da garinmu wurin da ɗa ke tsoron barin uwarsa a ciki. Ina fushi da Hamma, ko da yake duk lokacin da na so in tsane shi sai in tuna sau ɗaya ya ji sunansa a bakinki, kuma da abin da aka haɗa sunan. Ya ce har yau in yana tuƙi sai ya ji shi, ya gangara gefen titi ya tsaya.

Kuma ina fushi da ke. Ki yafe mini, amma ina fushi da ke. Ke da kike daka wa mazan mutane tsawa a ƙofar ɗakin haihuwa, ke da kika shiga asibiti ranar da kowa ke gudu, kika kasa gaya wa ɗan da kika haifa kalma uku sai da rabin jikinki ya mutu. Na san kunya ce, na san ita ce darajarmu, da ita aka raine ki, da ita kika raine mu. Ni dai na ga abin da ta ci. Nawa ɗan farin da sunansa nake kiransa, da ƙarfi, har a ji a waje. Tsofaffin layinmu suna taɓe baki suna cewa 'yar Hajiya ta lalace. Su taɓe.

Sai dai fushin ba ya hana ni kewarki. Ina kewar ƙanshin hannunki, sabulun asibiti da man shanu. Ina kewar yadda kike kitsa mini kai kina ja kamar kina faɗa da gashin, in na yi ƙara ki ce, "Wadda za ta haihu ce ke kukan kitso?" Ranar da na haifi na ukun, kina can, ina ta neman fuskarki a cikin fuskokin da ke kaina. Har yanzu in abu ya same ni, sai na ɗauko waya kafin in tuna. Dadata. Ban taɓa gaya miki ba, ni ma ashe da tawa kunyar: babu wanda nake so a duniya kamar ke.

To ga labarin da na ce zan ba ki.

Da aka gama girbin bana, Bappa ya kira ni ya ce zai koma Abuja. Na ce wallahi ba za ka je ba, sau nawa za su wulaƙanta ka, da furfurarka? Me ya rage a can? Ya ce, "Ban yi mata sallama ba. Da zan taho ce mata na yi sai kin zo." Na yi tsalle na dire, na kira Hamma, na kira ƙannen Bappa, babu wanda ya iya tanƙwara shi. Wannan karon bai ɗauki leda ba, bai sa rigar Idi ba. Fasfonsa kawai ya sa a aljihu.

Ya ce wata mata ce a bayan gilashin. Ina za ka, ya faɗa. Wa za ka gani, ya ce ɗana. Ina matarka? Ya ce, "Ta rasu a ƙasarku. Kabarinta zan je in gani." Matar ta duba na'urarta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ta yi masa ta'aziyya. Ba ta turo fasfon ba, ta ajiye shi a gefenta, ta ce a zo a karɓa.

An ba shi, Dada. Bizar ziyara, mai dogon wa'adi, ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Irin wadda ya roƙa sau biyu kina da rai.

Da ya dawo ban ji sallamarsa ba, sai ganinsa na yi zaune a tabarma bai ko cire takalmi ba. Ya ciro fasfon ya ajiye a gabana. Na buɗe na gani, na rasa ko barka zan ce. Sai ya ce, "Hajara, sun ce yanzu sun yarda zan dawo."

Yana zuwa, Dada. Wata mai kamawa zai taso. Ki yi haƙuri da jinkirin, ba daga shi ba ne.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa duk jaririn da ya faɗo hannunki ya zama shaida a gare ki. Allah ya ba Hamma sauƙin abin da yake ɗauke da shi, ya sanyaya mini zuciya, don ni na kasa. Allah ya kai Bappa gare ki lafiya, ya ba ƙafarsa ƙarfin tsayuwa a kanki. In tasa ta zo, Allah ya haɗa ku a gida ɗaya, wanda babu mai ce wa ɗayanku lokacin tafiya ya yi.

Amin.

Taki har kullum, mai bakin da ba ya ajiya,
Autarki, Hajara
Jekadafari, Gombe